Yadda ake saita rokokin LRM a MechWarrior Online har su sauka a kan abokin gaba

Mai buga MechWarrior Online, wasan kwamfuta na yaƙi da manyan mutum-mutumin ƙarfe da ake kira mek, daga Damagaram yana da dalili mai ƙarfi na koyon LRM, wato rokoki masu linzami masu cin dogon zango, tun da wuri. Kamfanin Piranha Games na Kanada da ya fitar da wasan a 2013 ba shi da saba (babbar kwamfutar da ƴan wasa ke haɗuwa a kanta) a Afirka, wadda ta fi kusa da mu ita ce ta Turai, kuma galibinmu da intanet na salula muke haɗawa. Makamin da ke bukatar ka saka harsashi a daidai kafaɗar mek mai gudu yana wahala idan reso yana rawa ko hoton kwamfuta yana tsinkewa. Roka mai linzami kuwa da kanta take bin abin da ka kulle. Wannan sauƙin ne yake ruɗin sababbi: su tsaya can bayan dutse a mita 900, su yi ta zuba rokoki sama, wasa ya ƙare ba su fasa sulken kowa ba. Sunan makamin na nesa ne, amma aikinsa na gaske tsakanin mita 300 da 500 yake, kana ganin wanda kake harbi da idonka.

Kayan da za ka ɗora

LRM iri huɗu ne, 5, 10, 15 da 20, lambar ita ce yawan rokokin da ke fita a harbi guda. Kayan wasan ɓangare biyu ne, Inner Sphere da Clan. A ɓangaren Inner Sphere nauyinsu tan 2, 5, 7 da 10, suna cin gurbi 1, 2, 3 da 5. Na Clan rabin wannan nauyin ne, tan 1, 2.5, 3.5 da 5. Rangwamen ba kyauta ba ne: na Inner Sphere dunƙule suke fita gaba ɗaya, na Clan kuwa ɗaya bayan ɗaya a jere, wanda ke ba na'urar kakkaɓo rokoki damar tsince su. Akwai kuma iyakar kusa, mita 180. Rokar Inner Sphere da ta bugi mek kafin ta cika wannan tazara ba ta yin ɓarnar komai. Ta Clan tana yi, amma ƙarfinta yana raguwa sosai gwargwadon kusancin.

Ga misali a kan mek ɗin Catapult C1 mai tan 65, wanda dama da LRM 15 biyu da matsakaitan lesa huɗu yake zuwa. Ka sa wa kowace LRM Artemis, abin da ke sa rokoki su fi dunƙulewa a kan abokin gaba, wanda ke ƙara tan 1 da gurbi 1 a kan kowace, ya zama tan 16. Ka cire lesa ɗaya ka sa TAG, hasken da ke yi wa abokin gaba alama, tan 1. Lesa uku da suka rage tan 3. Harsashi tan 6. Beagle Active Probe, na'urar ƙarin hange, tan 1.5. Jimla tan 27.5, sauran kuma inji, sulke da na'urorin sanyaya. Idan ka sauya zuwa Artemis ka duba harsashinka, don na Artemis daban ne da na LRM zalla.

Lissafin harsashi kar ka yi shi da ka. Yawan rokoki a tan guda ya sha canzawa, don haka ka karanta lambar a ɗakin haɗa mek, ka raba ta da yawan rokokin harbinka guda. In tan yana da 240 kana fitar da 30, harbi 8 ke nan a tan, tan 6 harbi 48. Da jiran daƙiƙa huɗu ko kusa tsakanin harbi da harbi, minti uku da ƴan kai na wuta ba tsayawa ne kawai, a wasan da ke iya kai minti 15. Shi ya sa kowane harbin da ya bugi dutse asara ce ta gaske. Harsashin ka zuba shi a ƙafafu gwargwadon gurbin da ke akwai, domin idan aka fasa sulken wurin da yake yana iya fashewa ya ci ciki, kuma mutane ƙirji suka fi nufa. Mai injin XL na Inner Sphere ya ƙara kula: gefen ƙirji ɗaya ya tafi, mek ya mutu.

Kar ka fita da rokoki kaɗai. Lesa uku ba za su kashe babban mek irin Atlas ba, amma su ne abin da kake da shi idan ƙaramin mek ya shigo cikin mita 180.

Gyaran madannai

Ba a fafa gora ranar tafiya, wannan duka kafin shiga fili ake yinsa. Kwamfutocin da ke hannun mutane a Zinder kashi biyu ne, masu madannan Faransanci da suka fara da AZERTY da kuma waɗanda ake kawowa ta Kano masu QWERTY. Wasan a kan QWERTY aka tsara shi, W A S D na tafiya, Z na kusanto da hoto. In taka AZERTY ce, ko dai ka juya harshen madannai na Windows zuwa Ingilishi kafin ka buɗe wasan, ko ka shiga saituna ka sake raba maɓallan ɗaya bayan ɗaya ka gwada su. R, wanda shi ne maɓallin kama abokin gaba, wuri ɗaya yake a duka biyun.

Ka rage saurin mawus sosai daga yadda ya zo. Riƙe kulle aiki ne na hannu mai nutsuwa, mawus mai zillo yana fitar da saiti daga kan akwatin da ƙaramin motsi. Sannan ka kashe ɗaurin hannu da ƙirji. A allo akwai saiti biyu, gicciye na ƙirji da ƙaramin da'ira na hannuwa. Da'irar ta fi saurin motsi kuma ita ce ke jan kulle, don haka idan ka sake ta za ka iya riƙe abokin gaba alhali ƙirjinka ya ɗan kauce.

Rukunin makamai da kibiyoyin madannai da Ctrl na dama ake tsara su. Rukuni na 1, maɓallin hagu na mawus, duka LRM tare. Na 2, lesa. Na 3, TAG, a maɓallin babban yatsa in mawus ɗinka yana da shi, saboda riƙe shi ake yi ba dannawa ba. Na 4, LRM ɗin dai amma ɗaya bayan ɗaya, wanda Backspace ke kunnawa. Catapult, Archer da Stalker suna da murfi a kan akwatunan rokoki. In murfin a rufe yake, sai ya buɗe kafin roka ta fita, wannan ɗan jinkirin kuma yana isa kulle ya kuɓuce. Maɓallin / ke buɗe shi. A rufe yana rage ɓarnar da ake yi wa wurin, don haka ka rufe lokacin tafiya, ka buɗe da an fara faɗa.

Daga kamawa zuwa saukar roka

Mataki na farko, ka danna R. Jan akwati zai kewaye abokin gaba, tazararsa ta fito, bayan ɗan lokaci hoton sulkensa da jerin makamansa su bayyana a saman allo ta dama. Na'urar hangenka ta asali mita 800 take kaiwa, kuma sai wanda kake gani. Wanda ba ka gani sai idan wani abokinka ya kama shi. Ka lura da jan alwatika da ke saman kan kowane abokin gaba: mai rami a ciki an gan shi ne kawai, cikakke kuwa akwai wanda ya danna masa R.

Na biyu, kafin ka nemi kulle ka karanta tazara. Ƙasa da 180 ka koma lesa. Sama da 700 ka tambayi kanka ko ya cancanci harsashi. Lissafin mai sauƙi ne: ko da roka tana cin mita 200 a daƙiƙa, mita 800 daƙiƙa huɗu ne, ban da ƙarin da lanƙwasar hanya ke jawowa. Shi kuma tun fitar rokar na'urarsa ta gargaɗe shi. Daƙiƙa huɗu sun ishi ko mek mai tan 85 ya ja da baya ya shige bayan gini. A mita 400 rabin wannan lokacin yake da shi.

Na uku, ka ɗora saiti a kan jan akwatin ka riƙe. Zobba za su fara matsewa, idan suka haɗu suka yi ja za ka ji ƙara, kulle ya samu. In kana ganinsa ido da ido ya fi sauri, in ta idon wani ne ya fi jinkiri, haka ma idan yana ƙarƙashin inuwar ECM, na'urar da ke rikita na'urorin hange.

Na huɗu, ka duba hanyar da rokar za ta bi, daga bakinka har kansa. A nan ne akasarin harsashi ke salwanta. Tun gyaran 2019 roka tana da hanya biyu. Idan kana ganin abokin gaba, ƙasa-ƙasa take bi kusan miƙe, ta isa da wuri kuma a dunƙule. Idan ba ka ganinsa sai ta hau sama ta sauko, kamar jifa ta kan katanga: dole ka ja baya daga katangar kafin dutsen ya haye, kuma wanda ya lafe a gindinta ta can ba zai same shi ba. Ma'ana, kar ka manne da abin da kake fakewa da shi, ka bar tazara tsakaninku, in ba haka ba rokokin a fuskarka za su fashe. Shi ma abokin gaba, in dogon gini ne a gabansa ko rufi a kansa, ka ƙyale shi. Hanyar ƙasa tana da nata haɗarin, bayan abokinka da ke tsaye a gabanka. Ka matsa gefe kafin ka danna.

Na biyar, ka harba, kuma kar ka ɗauke saiti. Roka tana bin abokin gaba ne muddin kulle yana nan. Ka waiwaya, ko wanda ya kama maka shi ya juya ga wani, rokokin za su sauka inda aka gan shi na ƙarshe. In ka sake samun kulle suna sama za su karkato su bi shi, saboda haka kar ka fid da rai da wuri, ka ci gaba da riƙe saitin a inda yake.

Na shida, ka tabbatar ta shiga. Saitinka yana yin ja idan ka bugi mek, hoton sulkensa kuma yana walƙiya a inda ta sauka. Harbi biyu a jere ba ka ga ko ɗaya ba, to akwai abin da ke tsakani, ka daina. Ka sauya wuri ko ka sauya mutum. Wannan ɗabi'a ɗaya ta fi Artemis da TAG a haɗe amfani.

Me ya sa kulle ke tsinkewa

Dalili na farko shi ne aron ido. Ƙaramin mek da ya leƙo daga bayan tudu ya danna R ba zai tsaya ana harbinsa don kai ba, daƙiƙa biyu zai koma. Bayan abokin gaba ya ɓace wa ido, akwatin yana ɗan jimawa kafin ya gushe. A bishiyar ƙwarewa mai maki 91 akwai reshen na'urorin hange da ke tsawaita wannan jimawar, mai LRM ya cika shi. Akwai kuma kishiyarsa da ke gajarta ta, wanda tsofaffin ƴan wasa kusan duka suke ɗauka. In ka ga akwati yana ɓacewa nan take da mutum ya fake, irinsu ne, kar ka ɓata masa harsashi a kaikaice. Kullen aro da ake dogara da shi shi ne na mek ɗin da ya shiga kokawa da manyan abokanka, don ba za su sake shi ba sai ɗaya ya faɗi. Ban da wannan, gani ya kori ji, ka fito ka kama da kanka.

Na biyu ECM. Raven 3L da Atlas D-DC suna cikin masu ɗaukarta, tana ɓoye mai ita da na kusa da shi, ka gan su da ido amma R ya ƙi kamawa. Maganinta huɗu. TAG yana huda ta muddin haskensa yana kan mek ɗin, har mita 750. A Catapult C1 mazaunin lesa a ƙirji suke, don haka TAG gicciye yake bi ba da'ira ba, sai ka haɗa su biyun a kan mutum. Hasken kuma ana ganinsa, yana nuna inda kake, kar ka kunna shi ba dalili. NARC, ƴar na'urar alama da ake harba wa abokin gaba, wanda ƙaramin mek ya fi dacewa da ɗauka, idan ya manne yana tona mutum na wani lokaci ko ya fake. Wanda aka manna wa NARC a fili shi ne abincinka, ka bar duk abin da kake yi ka juya kansa. UAV, ƙaramin jirgin leƙen asiri marar matuƙi, da aka harba sama yana bayyana duk na ƙarƙashinsa har sai an harbo shi. Bugun bindigar lantarki ta PPC ma yana kashe ECM na ƴan daƙiƙu. Beagle kuwa a kusa yake aiki, amfaninsa shi ne idan mai ECM ya zagayo ya tsaya kusa da kai kar ya toshe maka kulle gaba ɗaya.

Na uku AMS, mai kakkaɓo rokoki a sama. Ɗaya ba ta da yawa, amma akwai Kit Fox mai ɗaukar uku, kuma idan rundunar ta taru wuri ɗaya inuwarsu tana haɗuwa. Za ka ga jan wuta yana tashi, rokokinka suna fashewa kafin su isa. A nan harbi ɗaya bayan ɗaya kuskure ne, don kana ba ta kaɗan-kaɗan tana cinyewa. Ka harba duka tare domin wasu su tsira, ko ka nemi wanda ya ware daga taro.

Na huɗu mek ɗin da injinsa ya ɗauke don zafi. Da injinsa ya tsaya akwatin ya ɓace. LRM tana fita ko babu kulle, tana zuwa daidai inda saiti yake. Tunda a tsaye yake, ka saita ƙirjinsa ka harba haka nan. Wannan dabara tana aiki a kan maharbin nesa da ya kafe wuri ɗaya ƙarƙashin ECM.

Na biyar namu ne na gida. Danna Tab ka ga jinkirin layinka. Idan lambar tana tsalle, zobba za su yi kamar sun haɗu su sake buɗewa. Ka zaɓi sabar Turai kaɗai a wurin neman wasa, ka haɗa salula da kwamfuta ta waya maimakon iska, ka dakatar da sabuntawar Windows. A zafin Afrilu da Mayu kwamfutar cinya tana rage gudu da kanta idan ta ɗau zafi, ƙurar hunturu kuma tana toshe fankarta. A ɗaga bayanta, a busa ƙurar, a rage inuwa da hayaƙi a saitunan hoto, don fashewar rokoki tana cikin abin da ya fi nauyaya hoto.

Wa za ka harba, daga ina

LRM tana watsa ɓarna a jiki duka, ba ta huda wuri ɗaya. Don haka manya masu nauyin tafiya, tan 80 zuwa 100, su ne suka fi dacewa, musamman a fili. Locust mai tan 20 yana gudu rokoki suna faɗuwa a bayansa, sai dai in ya rasa ƙafa. Idan hoton sulke ya nuna wani da aka riga aka fasa, shi ne gaba da mai cikakken sulke.

Matsayinka mita 100 zuwa 200 bayan sahun gaba, kana tafiya tare da su. Wanda ya tsaya shi kaɗai a baya ƙananan mek ne za su same shi, kuma sulkensa na tan masu yawa bai tare wa kowa harsashi ba, alhali mutum 11 suna shan wutar mutum 12. Ka riƙa buɗe taswira da B kana duba ko runduna ta fara zagaye ta bar ka. Bayan rokoki sun sauka, a lokacin jiran harbi na gaba, ka juya ƙirji gefe don ɓarnar da ake maka ta rarrabu.

Zafi ma yana cikin saiti. Harba manyan LRM da yawa cikin rabin daƙiƙa yana jawo ƙarin zafi na hukunci, ɗakin haɗa mek yana nuna gargaɗi idan ka wuce iyaka. Mai akwati huɗu ya raba su biyu-biyu da ɗan jinkiri. A Terra Therma da Caustic Valley ma'aunin zafi yana cika da wuri, a Frozen City da Alpine Peaks kana da sarari.

Wajen zaɓen fili kafin wasa, Alpine Peaks da Caustic Valley buɗaɗɗu ne, naka ne. Solaris City dogayen gine-gine ne, Crimson Strait tana da rami da dandamali mai rufi, HPG Manifold tana da ɗakin ƙasa. In ɗaya daga cikinsu ta fito, ka manta da harbin kaikaice, ka bi bayan babban mek ka yi ta harbin ido da ido a tituna.

Idan ƙaramin mek ya shigo maka, kar ka gudu baya kai kaɗai. Ka nufi abokanka, ka jingina bayanka da bango, ka danna masa R domin su gan shi, ka sa lesa a ƙafarsa. Ja da baya yana rage masa damar zagaya ka.

Gwaji kafin fita

A filin gwaji na wasan mek ɗin a tsaye suke, ba sa ramawa. Ka zaɓi ɗaya, ka harbe shi daga mita 700, 500, 300, 200 da 170, kana kallon hoton sulkensa, ka ga da idonka inda ɓarna ke taruwa da inda take ɓacewa. Ka maimaita da TAG a kunne. Daga nan ka tsaya bayan dutse ka harba, ka ja baya kaɗan-kaɗan har rokoki su fara hayewa, ka riƙe wannan tazarar a ka, don ta bambanta tsakanin mek mai akwatuna a sama kamar Catapult da mai su a ƙirji. Na ƙarshe, ka riƙe kulle kana tafiya a kaikaice a kan ƙasa mai gargada, gaba da baya, har sai zobba sun daina buɗewa.